Hotunan da Na Ɗauka a Jirgin Kifi

A Kwatano na fara ganin teku, kuma abin da na ji tsoro ne kawai. Ni mutumin Gatawa ne, ruwan da na sani shi ne gulbinmu, wanda yake cika da damina, rani ya yi yara su ƙetare shi da ƙafa. Wannan kuwa ba shi da tsallake. Na tsaya a kan yashi da jakar kyamarata a rataye, ina kallon ruwa yana tasowa yana faɗuwa, na ce a raina ko da kuɗi ba mai sa ni shiga cikinsa.

Sunana Sahabi, sana'ata ɗaukar hoto. Ina da ɗan shago a bakin kasuwar Sabon Birni kafin 'yan bindiga su watse ƙauyukanmu. Da aka daina biki da suna sai a ɓoye, aka kashe wana Lawali a gona, shagon ya mutu. Abin da na fito da shi kyamarar nan ce da fitilarta.

Na yi zaton a bakin teku za ni samu masu son hoto. Ashe kowa da wayarsa a hannu, 'yan kaɗan da suka rage kuma akwai masu hoton gari da suka riƙe wurin. Suka kewaye ni suna magana da Faransanci, ɗaya ya nuna mini hanya da yatsa. Na koma dako a kasuwa har kafaɗata ta yi kanta.

Daga nan na wuce Lome, inda na haɗu da wani dillali mai fara'a, Hausa a bakinsa kamar ɗan unguwarmu. Ya ce akwai kamfani a Tema, can ƙasar Gana, da ke neman mai ɗaukar hoton katin ma'aikata. Ya ce in bar masa fitilar kyamarata jingina, in na fara aiki in aiko a karɓa. Na ba shi. Da na isa Tema na nemi kamfanin har ƙafata ta kumbura, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Lambar dillalin kuma ta daina shiga.

Zangon Ashaiman, kusa da Tema, shi ne ya karɓe ni. Ina kwana a barandar masallaci, da safe wata tsohuwa mai koko, Mma Asibi, ta miƙo mini kofi da ƙosai ba ta tambaye ni komai ba. Haka ta yi ta yi kullum. Ranar da na ce za ni biya ta in Allah ya buɗa, sai ta ce da irin Hausarsu, "Sha kokonka, ɗana. Ni ma nawa yana wata ƙasa, wani ke ba shi."

A nan zangon na ji labarin jiragen kamun kifi, manya na ƙarfe masu jan taru a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke yin makonni ba su ga ƙasa ba. Aka ce kullum suna neman hannu, don wanda ya je sau ɗaya da wuya ya koma. Ba ni da takardar aikin ruwa, amma mai ɗaukar ma'aikatan ya ce wannan ba komai ba ne. Ya ba ni ta wani, ya ce daga yau sunana Yakubu. Ni da na ce ba mai sa ni shiga teku, yunwa ta sa ni.

Jirgin tsatsa ta cinye shi, ƙarninsa tun daga nesa yake tarbar mutum. Kaftin da manyansa baƙi ne daga wata ƙasa mai nisa, ba mu jin yarensu ba su jin namu, da ihu da nuni ake aiki. Su suna da ɗakuna a sama da ruwan gora. Mu muna kwana kan kwalaye ƙarƙashin tamfol, ruwan shanmu ja ne kamar an jiƙa kanwa. Kwanakin farko amai na yi ta yi har na fara ganin duhu. Kukun jirgin, wani Bafante, mutumin bakin tekun Gana, mai suna Kwesi, shi ya riƙa tura mini ɗanyar citta a baki yana dafa kafaɗata. Ya iya Hausa kaɗan, ta zango. Shi na damƙa wa kyamarata, ya naɗe ta a leda ya tura cikin buhun shinkafa, don an ce kaftin in ya ga mai ɗaukar hoto, cikin ruwa yake jefa abin.

Aikin ba shi da lokaci. In ƙararrawa ta kaɗa, injin ya fara naɗo igiyar ƙarfe, tarun ya taso daga ruwa a kumbure kamar rumbu. A kwance bakinsa, kifi ya zubo har gwiwa. Mu duƙa mu tsince, manya gefe, ƙanana gefe, mu jera a kwali mu kai ɗakin ƙanƙara. Kafin ka miƙe bayanka an sake jefa tarun. Salla kuwa sai yadda ta samu, ka kabbarta kana kallon gabas, kafin ka yi ruku'u jirgin ya juya da kai.

Ina cikin tsintar kifi wata safiya sai na ji an ce a kaina, "Bagobiri, mi ya kawo ka cikin ruwa?"

Na ɗaga kai. Wani dattijo ne dogo, fari, siriri, yana kallon zanen fuskata yana murmushi. Daga jin harshensa na san Bafillace ne na wajenmu. Ya ce sunansa Manu, daga rugar da ke bayan Kamarawa, amma a nan Isifu ake kiransa, sunan da ke kan takardar da aka ba shi. Waɗanda suka harbe Lawali da Fillanci aka ji suna magana, kuma abin yana nan daram a ƙirjina. Na mayar da kaina ga kifi.

Bai yi fushi ba. Kullum sai ya gaishe ni, ni kuma in yi kamar ƙarar inji ta hana ni ji. Har ranar da ƙayar wani kifi ta shige mini tafin hannu, hannun ya kumbura ya yi ruwa, na kasa riƙe kwali. Babban ma'aikata ya fara yi mini ihu. Dattijon nan ya zo ya ja ni gefe, ya gasa bakin wuƙa a murhun Kwesi, ya tsaga wurin ya matse, ya yage gefen rawaninsa da ke cikin jaka ya ɗaure mini. Yana ɗaurewa yana magana, bai kalle ni ba.

"Na san abin da ke ranka. Ni ma shanuna sunka kora, duka. Da ɗana na fari sunka tahi, har yau shiru. Bayan nan 'yan gari sunka zo sunka ƙone rugar, wai mu na ɓarayin. Iyalina na garin Isa yanzu, cikin wani kango. To ka gaya mini, ni wa za ni ƙi gaidawa?"

Daga ranar na fara kiransa Baffa.

Ban shiga jirgin don ɗaukar hoto ba. Amma wata hantsi aka kwance taru, rana ta bugi kifin yana ƙyalli, mutane tsaye a cikinsa cikin rigunan leda, tururi na tashi daga jikinsu. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na faɗa wa Kwesi. Ya ce akwai wasu mutane a Akra masu ofis, suna neman irin waɗannan hotuna don duniya ta ga yadda ake aiki a jiragen nan. Ya ce in za ni ɗauka, in ɗauka ta ƙaramar tagar kicin, shi zai tsaya a ƙofa.

Haka muka fara. A shagona mutum yakan zo ne da wankakkun kaya, ya gyara hula, ya daina numfashi har in danna. A nan na koyi jira. Sai mutum ya manta da ni, gajiya ta sauko masa a fuska, sannan in danna. Babu fitila, sai hasken da Allah ya bayar, jirgi na rawa, ina manne da bango don kada hoton ya girgiza. Kowane ɗauka sai na goge gishiri daga gilashin da bakin rigata.

Na ɗauki hannaye da yawa, don su ne suka fi ba da labari: yatsu sun tsattsage, farce ya fita, wani ya naɗe nasa da tsumma da roba. Na ɗauki wani ɗan Togo yana barci a tsaye, ya jingina goshi da ƙarfe, kifi a hannunsa. Na ɗauki takalman roba da aka yanke aka ɗinke da waya. Na ɗauki kofin ruwan shanmu a gefen gorar kaftin da aka jefar. Na ɗauki ƙananan kifi da ake sharewa a mayar cikin teku matattu, tsibi guda, abin da zai ciyar da Gatawa gaba ɗaya, tsuntsaye na bin mu suna kuka.

Da ma'aikatan suka gane, na ɗauka za su tona ni. Sai ga shi kowa na raɓowa kicin yana son ya ga kansa. Wani ya kalli hotonsa ya daɗe, ya ce, "Haka na koma?" Ya juya ya koma bakin aikinsa.

Baffa Manu kaɗai ya ƙi. Ya ce, "Kada ka ɗauke ni cikin wagga leda, Sahabi. Bari mu sauka, in yi aski, in sa riga in naɗa rawani. Sannan ka ɗauka mu aika Isa, su ga ina lahiya." Saboda haka duk inda ya fito a hotunana, bayansa ne, ko hannunsa a kan taru. Sau ɗaya kawai fuskarsa ta shigo. Ina ɗaukar wani ne, aka ƙwala masa kira ya waiwayo daidai lokacin da na danna.

Idan aiki ya ɗan lafa mukan zauna bayan kicin, ya riƙa kira mini sunayen shanunsa ɗaya bayan ɗaya, da halin kowace. Ni kuma in ba shi labarin kasuwar Sabon Birni ranar da take ci, ƙurar awaki da ƙanshin tsire. Ya taɓa ce mini abin da ya fi damunsa a teku shi ne babu inda mutum zai taka ya ji ƙasa ta amsa masa.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne, teku ta ɓaci, tarun kuma ya yi nauyi fiye da kullum. Injin na gurnani yana naɗo igiya, Baffa na tsaye inda aka sa shi yana daidaita ta. Na ji ƙara kamar harbin bindiga. Igiyar ƙarfen ce ta tsinke, ta dawo da ƙarfinta ta make shi a cinya da haƙarƙari, ta yar da shi jikin bango.

Muka ɗauke shi muka shimfiɗa a lungun kicin. Ƙashin cinyar ya fito waje, numfashinsa kuma da ƙyar. Kwesi da babban ma'aikata suka hau sama wurin kaftin suna roƙo a juya a kai shi asibiti. Daga ƙasa muna jiyo ihu. Suka sauko da ƙwayoyin ciwon kai da bandeji. Kwesi ya ce kaftin ya ce ɗakin ƙanƙara bai cika ba, in ya cika za a koma. Aka ƙulla igiya, aka sake jefa taru, ƙararrawa ta kira mu.

Ya kwana biyu ko uku a wurin, lissafin ya ɓace mini. Duk sanda na samu sarari sai in zo in ɗiga masa ruwa a baki. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, wari ya fara tashi. Wani yammaci ya buɗe ido ya ce, "Ina abin hoton naka?"

Na ce, "Yana nan, Baffa."

"Ɗauko. Ɗauki ƙahwar, mutane su gani. Amma ka bar huskar."

Na ɗauko, na ɗauka kamar yadda ya ce. Ya sa na maimaita lambar wayar ƙanin matarsa har na haddace. Kafin magariba ya cika, Kwesi na riƙe da kansa, ni ina laƙƙana masa kalmar shahada.

Manyan jirgin suka so a jefa shi a ruwa. A nan ne kawai na ga ma'aikatan sun haɗa kai, Musulmi da Kirista, muka ajiye kwalaye muka tsaya. Da kaftin ya ga aiki zai tsaya, ya ce a sa shi ɗakin ƙanƙara. Muka naɗe shi da tamfol muka kwantar a gefe. Ni ne mai jera kwali a ɗakin. Haka na riƙa shiga ina fita, ina ɗora kifi a kan kifi, Baffa na kwance kusa da ƙafata, ƙanƙara na taruwa a kan tamfol ɗin. Duk shiga sai in yi masa sallama. Na ɗauki wannan hoton ma. Sai da kwalaye suka kai rufi sannan jirgin ya juya.

A Tema mutanen zango suka yi masa sutura, Allah ya saka musu. Wakilin masu jirgin ya zo da takarda, wai Isifu ya rasu sakamakon rashin lafiya. Isifu na gaskiya kuwa yana nan da ransa, ana nuna mini shi yana sayar da kayan waya a bakin tasha. Mu kuma aka sallame mu da kwalin kifi ɗai-ɗai, aka ce sauran haƙƙinmu sai jirgi ya sake dawowa. Nawa kwalin Mma Asibi na kai wa.

Kwesi ya raka ni Akra, ofishin mutanen da ya faɗa. Wata mata ce ta karɓe mu, mai kirki, ta ba mu ruwan sanyi. Ta riƙa wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, da ta zo kan na ɗakin ƙanƙara ta rufe baki da hannu. Ta ce ba ta taɓa ganin hotunan cikin jirgi irin waɗannan ba. Sannan ta fara tambaya, Kwesi na fassara mini. Akwai inda sunan jirgin ya fito? Babu, daga ciki na ɗauka. Akwai fuskar mamacin tare da raunin? Babu. Akwai abin da ke nuna wani Manu ya taɓa hawa jirgin, ko wani Sahabi? Babu, Isifu da Yakubu ne suka hau. Ta yi ajiyar zuciya, ta kwafi hotunan, ta ce za su duba abin da za a iya yi, za su kira.

Ba su kira ba. Na koma har mai gadin ya gane ni, kullum a ce tana taro ko ta yi tafiya. Jirgin kuma aka shafe shi da sabon fenti, aka rubuta masa wani suna, ya bar Tema. Labari ya kai kunnen masu ɗaukar ma'aikata cewa Kwesi ne ya ɓoye mai hoto, ba wanda ya sake ɗaukarsa. Ya koma garinsu, mutumin da ke da 'ya'ya a makaranta. Da za mu rabu ya ce mini kada in damu, dama ya gaji da dafa shinkafa. Kyamarar ma ba ta daɗe ba. Gishiri ya riga ya shige cikinta, wata safiya na kunna ta ƙi tashi, mai gyara ya buɗe ya nuna mini cikinta ya yi kore.

Na daɗe ina juya lambar da Baffa ya ba ni a kaina kafin in iya kira. Ƙanin matar ya ɗauka, na gaya masa komai, har da takardar da aka rubuta Isifu. Ya yi salati, ya ce in jira ya kai mata wayar. Na ji muryar yara, na ji ana jan ƙofar langa-langa, sannan muryarta, a sanyaye.

Na ce, "Inna, sai haƙuri. Baffa ya riga mu gidan gaskiya. Da hannuna na sa shi a kabari."

Can ta ce, "An ce kai mai hoto na. Turo mini in gani."

Na zauna a shagon wani mai kwamfuta na sa katin kyamarar, na bi hotunan kaf. Baya, hannu, baya, ƙafa, tamfol. Wanda ya waiwayo ɗin nan kaɗai ke da fuska. Kai ba hula, gashi ya yi buzu-buzu, kumatu sun faɗa, gishiri ya bushe fari a gemunsa, idanu sun yi zuru-zuru cikin rigar leda. Shi na tura.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Muryarta ta canza, har da ɗan sauƙi a ciki.

"Ɗana, wanga ba shi na ba."

"Inna, shi ne. Tare muka yi aiki, shi ya ba ni lambar nan."

"A'a. Malam ba ya zama kai sake, ko cikin ɗaki. Kuma wanga tsoho na, dubi wuyanshi. Na nuna ma ɗiyanshi, sun ce ba su san shi ba. Ƙanena ya ce takardar ma wani suna anka rubuta. Ka dai yi kuskure, Allah ya jiƙan mai shi."

Ƙanin ya karɓi wayar ya ce mini a hankali shi ya gane, amma ta ƙi shiga takaba, kuma malamai sun ce a bi ta sannu.

Yanzu damina biyu ke nan. Ina nan Ashaiman, gida ba ya komuwa, Gatawa ana shiga ana fita da gudu. Mai ɗaukar ma'aikata ya samo mini wani jirgin, wannan karon sunana Abdulai, jibi za ni hau. Jiya da hantsi ina wanke rigar ledata sai ga kira daga Isa. Takan sa a kira ni lokaci-lokaci. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi ruwa.

Sannan ta ce, "In kun gamu da Malam can cikin jiragen, ka ce mishi an ba mu aron gona bayan gari. Ya yi ƙoƙari ya zo kahin shuka, ni ba ni iya huɗa ni ɗaya."

Na ce, "To, Inna."